Masu Dakan Kawu Nomau

Tun da na dawo ban sha shayi da daɗi a fada, wato majalisarmu ta hira, ba. Kofin farko bai kai baki ba sai wani ya ce, "Lawali, wai da gaske Nasara sun ɗauke ka a jirgi don ka je ka saurari ice?" In na fara bayani sai a kira salla, ko a zo a ce injin wani ya tsaya, washegari kuma a sake tambayata daga farko. To ga shi na rubuta. Wanda bai iya karatu ba ya sa a karanta masa, ni dai bakina ya gaji.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai gyaran injin niƙa ne a Madarunfa. Kawu Nomau yayan mahaifiyata ne, maƙeri a wani ƙauye bayan Safo, kuma har yau yana kan addinin iyayensa. A ƙuruciyarsa, in ya gama da hauya da lauje, yakan ƙera wasu mutane na ice da ƙarfe waɗanda ke motsi in an juya hannu. Manya guda uku ya yi. Ɗaya, na mata uku masu daka a turmi guda, wani Bature mai aikin rijiyoyi ya tafi da shi tun ina goye. Sauran biyun ni na kwashe su ina ɗan shekara ashirin, jinina na tafasa, na ce gumaka ne, na kai tabki na jefa. Kawu bai taɓa ce mini komai a kai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wannan guda ɗaya da ya rage yana wani gidan tarihi a Beljik. Wata 'yar Maraɗi da ke karatu can ce ta yi cigiyar maƙerin har aka kai ga lambata. Saƙon shi ne: suna da na'ura mai sauraren cikin abin, kuma na'urar ta ji wani abu yana cinyewa a ciki. Ba su iya buɗe akwatin da ƙarafan ke ciki ba, don an ɗaure shi da ɗanyen kiri ya bushe ya zama kamar dutse. In ba a gano matsalar ba, za su yi taro su kulle hannun har abada, su ajiye bidiyo a gefe don mutane su ga yadda yake yi da.

Na je na gaya wa Kawu. Yana zaune gindin bedi, wato dogon-yaro, hannuwansa na rawa bisa gwiwa.

"In sun tsai da shi ai ya mutu," ya ce. "Sai su kira shi icce. Yaushe sunka canza loma?"

"Wace loma, Kawu?"

Ya dube ni yadda ake duban wanda ya yi shekara talatin yana gyaran inji a banza. "Ƙarfe maciyi ne. In ba ka ba shi abin da zai ci ba, ɗan'uwansa zai ci." Ashe a ƙarƙashin akwatin akwai rami, ana cusa ɗan icen dashi mai laushi, tsawon yatsa, ƙarfen da ke juyi ya riƙa gogarsa. In ya cinye sai a zare a sa wani. Shi ke nan lomar.

Na ce ya zo mu tafi tare, masu gidan tarihin sun ce za su ɗauki nauyin mutum biyu. Ya ce shi ko Maraɗi ba ya son zuwa, balle garin da ba a iya komowa da ƙafa. Ya yi kwana goma yana sassaƙa loma uku, ya yanke babban yatsansa sau biyu. Ya ƙulle mini su a tsumma tare da curin man kaɗe. Maganar biza kuwa, da zuwa Yamai sau biyu, ba zan ba ku ita ba, don ina da hawan jini.

Jirgina daga Kano zai tashi, saboda haka ta Ɗan Issa na bi. A mota na zauna kusa da wata Hajiya mai kai aya Katsina. Da ta ji inda za ni, ta ce sanyin can yana shiga ƙashi ya ƙi fita, ta san wani da ya je ya dawo bai ƙara yin dariya ba. Ta ba ni citta ta ce in riƙa taunawa. Na tambaye ta ko mutumin yana dariya kafin ya tafi. Ta yi tunani ta ce a'a, dama can ba ya yi.

A iyaka wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya buɗe jakata, ya kai ga tsumman. Ya warware gefe ɗaya da bakin biro, ya ga 'yan itatuwa uku da jini-jini a jikin ɗaya.

"Malam, na mene ne wannan?"

"Na kawuna ne. Maƙeri ne a Safo."

Ya ja da baya taki ɗaya, ya ɗauka kayan asiri ne. "Ɗaure abinka. Allah ya kiyaye hanya." Ko takalman da na saya sababbi bai duba ba. A raina na ce Kawu ya yi mini rana.

Na kwana Kano gidan wani abokin sana'a, da hantsi ya kai ni filin jirgi. Can aka sa na cire bel da takalmi da hula, na wuce ta wata ƙofa da ba ta da gida, ina riƙe da wando. A cikin jirgi aka kawo abinci a 'yan kwanoni shida, kowane da murfinsa, in ka haɗa su duka ba su kai rabin kwanon tuwo ba. Wanda ke kusa da ni, wani ɗan kasuwa mai sayo tsofaffin injuna, ya ga ina kallon nasa, ya miƙo mini burodinsa. Mutumin kirki ne.

Masifar a saukar ƙarshe ta same ni. Wani kare mai riga ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Matar da ke riƙe da shi ta kai ni wani ɗaki, ta sa safar hannu, ta warware tsumman Kawu gaba ɗaya, ba bakin biro, ba tsoro. Ta ce ɗanyen ice ba ya shiga ƙasarsu, don ƙwari na iya zuwa a ciki. Na tattaro faransancin lakwal, na makarantar boko, da ya rage mini na ce tsoho ne ya yi su, kwana goma, ga jininsa nan. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma na ga alama da gaske take. Sannan ta zuba su a leda ta liƙe, ta ba ni takarda in sa hannu. Man kaɗen ta sansana ta mayar mini. Na fito da curin mai da citta, raina a ɓace, ban san da wane baki zan gaya wa Kawu ba.

Madam Elin ce ta tarbe ni, ita ce mai kula da kayan da ke motsi a gidan tarihin. Doguwa, mai furfura, tana tafiya kamar an ce mata kasuwa za ta tashi. Na gaishe ta, na tambayi gida da yara da aiki da gajiya. Ta ce lafiya, sau ɗaya, ta haɗa duka a ciki. Ta kai ni otal, ɗakin da fitilar bayinsa ke mutuwa da kanta in ka zauna shiru. Kwana biyu ina kaɗa hannu sama kamar mai korar tsuntsaye a gona kafin in gane ba lalacewa ta yi ba, haka aka yi ta.

Abincinsu ba laifi in ka daina jiran miya. Da rana burodi mai sanyi suke ci a tsaye, da cuku mai warin da a gida da an zubar. Ranar farko don karramawa suka kai ni inda aka kawo mini tukunya cike da wasu abubuwan teku masu baƙin ɓawo. Na buɗe ɗaya na duba, shi ma kamar yana dubana. Na ci soyayyen dankalin da ke gefe na yi godiya. Wani abin kuma, shara a wurinsu gida huɗu gare ta: takarda daban, roba daban, kwalba daban, ragowar abinci daban. Mutum ya tsaya gaban kwandunan yana tunani kamar mai zaɓen suruki.

Washegari suka shigar da ni ɗakin aiki, ƙarƙashin ƙasa. Ga su nan bisa tebur: mata uku na icen ƙirya, tsayinsu bai wuce kamu biyu ba, kowace da taɓaryarta, ta tsakiya da goyo. Ban taɓa ganinsu ba, amma na san wuyan nan, na san yadda yake yanka ido da layi ɗaya. Irin su na riƙe a hannuna a bakin tabki. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, na tsaya ina karanta wata takarda a bango wadda ban fahimci komai a cikinta ba.

Mai na'urar sunansa Tomas, gajere mai gemu, yana magana a hankali kamar kullum akwai mai barci kusa. Ya manna wasu 'yan abubuwa kamar maɓallan riga guda shida a jikin akwatin, kowane da wayarsa zuwa ordinata, wato kwamfuta. Ya ce kunnuwa ne. Suna jin abin da kunnen mutum ba ya ji, ordinata kuma ta zana ƙarar a allo, ta ajiye, ta gwada ta yau da ta watan jiya.

Ni kuwa da girman kaina na zo. Na fito da turnabis, abin kwance noti, daga aljihu, na ce a juya, zan ɗora bakinsa a akwatin in sa ƙotar a kunne, yadda nake yi wa inji. Madam Elin ta yi wata ƙara kamar an taka ta. Sai da aka naɗe bakin turnabis ɗin da auduga, aka sa mini safar hannu, sannan aka yarda. Ta juya hannun a hankali. Matan suka fara: dum, dum, dum, ɗaya bayan ɗaya, ta tsakiya tana ɗan jinkiri saboda goyo. Na kasa kunne iyakar iyawata.

"Lafiyarsa lau," na ce.

Tomas bai yi gardama ba. Ya ɗora mini abin saurare a kunnuwa biyu, ya murɗa wani maɓalli. Wayyo. A ƙarƙashin dakan, duk zagaye ɗaya, sai ka ji ƙiii, siririya, kamar ana wasa wuƙa a ɗaki na uku. Wannan kukan na san shi. In inji ya yi shi, kwanansa sun ƙare. Ya nuna mini a allo: wani ɗan tsini da bara ba ya nan, bana ya yi tsawo. Kunnuwa shidan kuma sun nuna wuri guda, ƙasa, wajen hagu. Na mayar da turnabis aljihu, ban sake fito da shi ba har na bar ƙasar.

Na ce a ɗaga akwatin. Mutum huɗu suka ɗaga abin da ni kaɗai zan ɗauka da hannu ɗaya. A daidai inda na'urar ta nuna, ga ramin, da ɗan guntun ice baƙi a ciki. Sun san da shi, sun ɗauka toshi ne. Na sa farce na zaro shi. Ya cinye saura kamar ƙwayar gyaɗa. Na ce, "Ga mai laifin," na jefa shi a kwandon shara.

Nan take mutum huɗu masu digiri suka durƙusa suka zazzage kwandon bisa farin ƙyalle suna tonawa da ɗan hantsaki. Da aka same shi aka sa a kwalba, aka rubuta masa lamba. Tomas ya matso ya gaya mini a hankali cewa, ban da haka ma, kwandon takarda na jefa shi.

Na yi musu bayanin loma, na kuma gaya musu inda ukun da na kawo suka ƙare. Na ce a ba ni kowane ice mai laushi in gwada. Madam Elin ta ce ba za ta sa baƙon ice da hannun wani a cikin aikin Nomau ba, ba ta san abin da zai yi wa ƙarfen ba. Taron kuma jibi ne. Na koma otal na zauna bakin gado ina tauna citta.

Da safe na yi abin da nake gudu, na kira wayar maƙwabcin Kawu aka kai masa. Na gaya masa kare ya kama lomarsa. Ya tambaya ko karen ya ci. Na ce a'a.

"To ina goman da na ba Baturen?"

"Wane goma?"

"Na ba shi goma cikin 'yar jakar fata. Na ce kowace kaka ya canza ɗaya. Ya ce to, to. Dama na ga bai ji ba."

Na ruga na gaya wa Madam Elin. Ta tsaya, fuskarta ta yi ja tun daga wuya. Ta ɗauki makullai, muka hau bene biyu, muka shiga wani ɗaki mai duhu-duhu inda ake nuna kayan addinin gargajiya. A cikin gilashi, bisa jan ƙyalle, da fitila a kansu, ga 'yar jakar fata da 'yan itatuwa goma an jera su kamar liman zai ja su salla. Na ce ta karanta mini rubutun da ke ƙasa. Ta karanta: kayan duba na Azna, ana watsa su a ƙasa don sanin abin da ke tafe.

Na ce, "Madam, wa ya gaya muku?"

Ta ce wani masani ne ya rubuta, da daɗewa, har ya yi kasida a kai. Tunda maƙerin ba Musulmi ba ne, kuma abin a jakar fata yake. Na so in yi dariya, sai na tuna ma'aikacin Ɗan Issa da bakin bironsa, na tuna ni kaina. Na haɗiye dariyar.

Kada ku ɗauka magana ta ƙare nan. A taron, mu tara a kewaye da tebur, wani mai tabarau ya ce itatuwan nan goma su ma kayan tarihi ne, kowane da lambarsa, kuma doka ba ta yarda a lalata kayan tarihi ba. In aka sa ɗaya ƙarfe ya cinye, an lalata shi. Gara a kulle hannun, a tsira da duka. Wasu suka gyaɗa kai. Aka yi awa guda ana juya wannan magana, ana shan gahawa.

Kun san halina. Na miƙe, faransancin ya gudu ya bar ni, na yi da Hausa, 'yar Maraɗin nan tana fassarawa, ina jin tana rage wasu wurare. Na ce wanda ya yi abin nan yana da rai, jiya na yi magana da shi, ba a kabari yake ba da za a yi ta hasashen nufinsa. Ya yi itatuwan nan don a ci su ne. Ajiye su a gilashi kamar ka ajiye tuwo ne ka zauna kana kallon mai yunwa. Na ce ayyukansa uku ne a duniya, biyu ni na hallaka su da hannuna don jahilci, ban zo nan in ga an kashe na ukun da ilimi ba. A nan na tsaya, na zauna.

Tomas ne ya ɗaga yatsa. Ya ce a ba shi loma ɗaya da minti biyar. In tsinin nan bai sauka ba, shi da kansa zai kawo kwaɗon. In kuma ya sauka, kunnuwansa za su zauna a jikin akwatin, su faɗa tun kafin lomar ta ƙare, ƙarfe ba zai sake taɓa ƙarfe ba. Mai tabarau ya ce a rubuta cewa bai yarda ba. Aka rubuta, sannan ya biyo mu ƙasa, shi ne ma a gaba.

Na shafa wa lomar man kaɗe, bayan an ɗebi kaɗan an kai gwaji. Ta shige ramin ɗaf, kamar jiya aka auna. Madam Elin ta juya. Dum, dum, dum. Duk muka zuba wa allo ido, ba mai kallon matan. Zagaye ɗaya, biyu, goma. Wurin tsinin ya kwanta sumul. Tomas ya miƙa wa mai tabarau abin saurare, ya saurara ya daɗe, ya cire, ya ce a goge abin da aka rubuta. Suka yanke cewa za a riƙa juyawa sau ɗaya a mako, ranar Lahadi, minti uku, a gaban mutane. Rubutun gilashin kuma za a canza shi, amma wannan sai an yi wani taron.

Dawowa ba abin faɗi, sai dai jakata ta kwana biyu a wata ƙasa ba tare da ni ba. Ko gida ban tsaya ba sosai, na hau kabu-kabu zuwa wurin Kawu. Tomas ya sa mini sautin a waya, wanda kunnuwan suka ɗauka daga ciki. Na kunna, na kanga masa a kunne. Ya rufe ido. Da ya ƙare ya ce in sake. Sau uku.

"Wa ke juyawa?"

"Wata mata ce, Kawu. Madam Elin."

"Hannunta da sauƙi. A bar mata." "Saura nawa?"

"Tara. Sun ce yadda suke juyawa, kowace za ta yi shekaru."

"Tara na ƙarewa," ya ce.

Ya sa aka miƙo masa wuƙarsa da reshen dashi. Ya kafa reshen a gwiwa, ya ɗora wuƙar, hannun ya yi ta rawa, wuƙar ta zame ta faɗi a ƙasa. Ya dube ta. Bai ɗauka ba. Ya sa ƙafa ya turo ta gabana.

Shi ya sa ba ku ganina a fada ranar Asabar, masu cewa na yi Turai na fi ƙarfinku. Ina can gindin bedi, da furfurata, ina sassaƙa ice tsawon yatsa. Na yi goma sha ɗaya, ya shafa kowace da yatsa ya jefa a murhu. Asabar ɗin da ta wuce na miƙa masa ta goma sha biyu. Ya daɗe yana juya ta. Sannan ya sa ta a aljihu, ya ce rana ta yi, in tashi in tafi gida.